Na buɗe gona a gem don in huta, sai ta zame mini aiki na biyu

Mai Butar Ban-ruwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni, amma ku yi haƙuri in fara da labari, don in ban faɗi yadda aka yi ba, ba za ku gane inda gizo ke saƙa ba.

Aikina lissafi ne. Tun safe har yamma ina gaban kwamfuta ina tara lambobi ina cirewa, in na dawo gida kaina kamar an daka shi. Ƙanena ne ya ga halin da nake ciki ya saka mini wasan gona na kwamfuta mai suna Stardew Valley. Ya ce, Yaya ga maganin gajiya, babu harbi babu tsere, gona ce kakanki ya bar miki gado, ki shuka ki ba da ruwa ki kwanta. Farkon wasan ma kamar da ni ake. Mutum na zaune a wani ƙaton ofis na kamfanin Joja, rayuwa ta ishe shi, sai ya buɗe wasiƙar da kakansa ya bar masa, ya ajiye aiki ya hau bas ya nufi ƙauye. Na ce to, an zo wurin.

Kwanakin farko ba laifi. An ba ni zinari 500 da ƙwayar iri 15 na parsnip, wani abu mai kama da farin karas. Na share ɗan fili da lauje, na fasa duwatsu da diga, na yi kaftu, na shuka, bayan kwana huɗu na cire. Ƙarar da abin ke yi in ka tuge shi daga ƙasa kaɗai ta isa ta sa mutum murmushi.

Sai na lura da agogon da ke saman allo ta hannun dama. Ana tashi ƙarfe 6 na safe, ƙarfe 2 na dare kuma ko kana ina za ka faɗi. Na auna da agogon hannuna, yinin gaba ɗaya bai wuce minti 14 ba. Kowane zango kuma, bazara ko rani ko kaka ko hunturu, kwana 28 ne. Daga ranar da na san wannan hankalina bai ƙara kwanciya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai farin kabeji ne. Na ga ana sayen ɗaya zinari 175, irinsa kuma 80. Mai lissafi ce ni, nan take na ga riba. Na kwashe duk abin da na tara, zinari 1,600, na sayi iri 20 ranar 17 ga bazara. Kullum da safe ina bin su ɗaya bayan ɗaya da butar ban-ruwa, ruwa ya ƙare in koma tafki in ciko, ƙarfina ya kusa ƙarewa tun kafin tsakar rana. Kwana 12 yake yi kafin ya nuna. An rubuta a jikin irin, ni ce ban haɗa 17 da 12 na ga 29 ba. Ni fa da ake biya albashi don tara lamba! Ranar 1 ga rani na fito na tarar da layi biyu na busassun kara. Wallahi sai da na rufe kwamfutar na je na sha ruwa.

Daga nan abubuwa suka yi ta biyo baya. Na ɗauko amfanin gona na je shagon Pierre na tarar Laraba ce, ba ya buɗewa. Na kai wa maƙeri butata ya gyara, ya riƙe ta kwana biyu shuka na zaune babu ruwa. Na shiga ramin haƙar ma'adinai ina hawa na 39, na ce bari in kai 40 tunda sai duk bayan hawa biyar lif ke tsayawa, ƙarfe 2 ta same ni a can. Da safe na tashi da wasiƙa an cire mini kuɗin ɗauko ni, ƙarfin ma bai cika ba.

Jiya da dare na tsinci kaina na buɗe irin takardar lissafin da nake amfani da ita a ofis, ina jera sunayen shuke-shuke da kwanakin nunarsu da ribar kowane, da ranar haihuwar kowa a garin da kyautar da yake so. Sai na tsaya na ce, ke, gudun me kika yi? An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

To tambayata: haka duk wasannin gona suke, ko akwai wanda ba a bin mutum da agogo? Kuma cikin sababbin da ake ta zancensu, wanne ne ya cancanci a saya? Kwamfutata tsohuwa ce, ba ta ɗaukar masu nauyi, sai kuma wayar Android.

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, sannu da asarar kabeji. Babu wanda ya taɓa irin wasannin nan bai yi irin wannan ba. Ni tawa kabewa ce, kwana 13, kuma ta fi taki yawa.

Na fara da Harvest Moon: Back to Nature a PlayStation ta farko, saboda haka bari in gaya miki inda agogon nan ya samo asali. Ba Stardew ya ƙirƙiro shi ba. Tushen duka shi ne Harvest Moon na 1996 a Japan, wanda Yasuhiro Wada ya yi. Mutumin karkara ne da ya koma Tokyo, kewar ƙauye ta sa ya yi wasan da babu faɗa a cikinsa, a lokacin da kusan kowane wasa duka da harbi ne. To in ka cire abokin gaba, me zai sa ɗan wasa ya damu? Sai aka sa lokaci da ƙarfin jiki su zama abokan karawa. A wancan na farkon shekara biyu da rabi aka ba ka, iyayenka su dawo su duba abin da ka yi, wasa ya ƙare. A wanda na fara da shi shekara uku ce, in gonar ba ta gyaru ba mutanen gari su sallame ka. Saniya in ka yi sakaci da ita ta yi ciwo ta mutu, a binne ta, mai dabbobi ya wanke ka tas. Wannan shi ne matsi na gaske.

Stardew ya ɗauko agogon amma ya zare masa haƙora, abin da sababbin shiga ba sa ganewa ke nan. Duba da kyau, me kika rasa wanda ba zai dawo ba? Bazara za ta sake zagayowa. Bikin da kika tsallake yana nan baɗi a ranarsa. Wanda kika manta ranar haihuwarsa ba zai ƙaurace miki ba. Fatalwar kakan naki za ta zo ta duba gonar a farkon shekara ta uku, a kunna kyandir ɗaya zuwa huɗu a wurin tunawa da shi, amma ko ɗaya kika samu wasa bai ƙare ba. Duk ranar da kika shirya ki ajiye lu'ulu'u ɗaya a wurin, ya sake dubawa. Wato jarrabawa ce da ake sake zama sau nawa kike so. Agogon yana gudu ne kawai, ba ya bin kowa bashi.

Ga 'yan dabaru da za su rage miki haki. In ke kaɗai kike wasa, da kin buɗe jakarki lokaci ya tsaya cak, ki yi tunaninki a nan. Talabijin ɗin da ke ɗakinki yana faɗin yanayin gobe, to ranar da ya ce za a yi ruwa, ki shayar da shukarki da safe, ki kai wa Clint maƙeri butar kafin ƙarfe 4 da yake rufewa. Gobe sama ta yi miki aikin, jibi ki karɓo abarki ki shayar. Zinari 2,000 na farko da za ki samu kada ki zuba a iri, ki sayi babbar jaka a shagon Pierre, daga gurbi 12 ta koma 24. Sannan kada ki shuka abin da ya fi ƙarfin butarki. Abin da ke kashe mutane a shekarar farko ke nan, a cika fili da shuka ɗari, a ƙare yini ana ban-ruwa, a kwanta ba a ga kowa ba. Ki tsaya a ashirin ko talatin har ki samu na'urar fesa ruwa. Ƙaramar gurbi 4 take shayarwa, ba ta da wani amfani sosai, ta tsakiya 8, babbar 24. Ranar da kika jera na tsakiyar nan kika tashi da safe kika ga ƙasa a jiƙe ba ki ɗaga yatsa ba, ranar za ki gane abin da ƙanenki yake nufi.

Abu ɗaya da nake so ki sani game da mai wasan, don yana da alaƙa da kukanki. Eric Barone, wanda aka fi sani da ConcernedApe, shi kaɗai ya yi shi, zane da kiɗa da rubutu da haɗa manhajar, shekara huɗu da rabi, yana ɗan aikin nuna wa mutane kujera a gidan wasa a Seattle don ya samu na kashewa. Ya fito a Fabrairun 2016, zuwa ƙarshen 2024 an sayar da sama da kwafi miliyan 41. Mutumin da ya yi wa kansa irin wannan aikin ba dare ba rana ne ya yi wasan da ke cewa ka bar ofis ka huta. Shi ya sa ban yi mamaki ba da wasan yake da fuska biyu, mai son hutu ya samu, mai son wahalar da kansa ma ya samu kayan aiki.

Takardar lissafin nan kuwa, ki yi haƙuri in faɗa, ba wasan ne ya buɗe ta ba.

Ɗan Fatsa:

Anti, 17 da 12, kuma a ce mai lissafi! Allah ya ba da haƙuri, na yi dariya har da ƙwalla.

Ni shekarata ta farko ko gona ban kula ba. Na shuka dankali kaɗan don kada a ce ban yi komai ba, sauran yinin ina bakin teku. Mutane na tsoron kamun kifi saboda koren sandan nan da ke tsalle sama da ƙasa a allo in kifi ya kama, amma Willy mai shagon kayan kamun kifi na sayar da sandar koyo zinari 25 kacal, ki fara da ita, kuma duk matakin ƙwarewa da kika hau koren sandan na ƙara tsawo. Kifi ba ya buƙatar ban-ruwa, hankaka ba ya cinye shi, ba ya bushewa ranar 1 ga wata.

In kuma agogon ne dai ba kya so, tunda a kwamfuta kike, akwai gyare-gyaren da 'yan wasa ke yi da kansu da ake kira mod. Ki ce ƙanenki ya saka miki SMAPI, manhajar da ake ɗora mod a kanta, sannan ya ɗora wanda ake kira TimeSpeed. Za ki iya rage gudun lokaci, ko ki tsayar da shi gaba ɗaya in kina cikin gida ko cikin rami. Baba Tsohon Hannu zai ce ha'inci ne, na sani. Gonarki ce, wa za ki ha'inta?

Tsohon Hannu:

Ban ce ha'inci ba ne, yaro. Cewa na yi duk wanda na sani da ya tsayar da agogon, bayan mako biyu ya daina wasan, don in yini ba ya ƙarewa babu abin da zai sa ka ce bari in ƙara kwana ɗaya.

Uwar Garke:

'Yar'uwa sannu. Su sun amsa miki rabin farko, bari in taɓa na biyun tunda ni ce mai bin labarin sababbi kamar mai jiran sakamako.

Kafin komai, ko Stardew ɗin da ke hannunki duba ko sigar 1.6 ce. Ta fito a kwamfuta a Maris 2024, ta iso waya da sauran na'urori a Nuwamba na shekarar, kuma kyauta ce kamar duk sabuntawar da ya taɓa yi. A cikinta akwai sabuwar gona mai suna Meadowlands da nake ganin don irinki aka yi ta. Filin noma kaɗan ne, ciyawa ce da yawa, har da wata shuɗiya da dabbobi ke so, kuma da akurki da kaji biyu ake farawa. Maimakon iri 15, busasshiyar ciyawa 15 ake ba ki. Da safe ki shafa kajin, ki ɗebi ƙwai, ki buɗe musu ƙofa, shi ke nan yini naki ne. An ƙara bukukuwa, da wani koren ruwan sama da ke sauka sau ɗaya a rani ya cika ko'ina da ciyayi, har hula ana iya sa wa kyanwa. Mai wasan kuma yana kan wani sabo, Haunted Chocolatier, da ya sanar tun Oktoban 2021, na mai haɗa cakulan a gidan fatalwa. Kada ki ajiye kuɗi kina jiransa, mu da muka fara jira mun gaji da leƙe.

Wanda zan ce ki fara gwadawa shi ne Fields of Mistria na NPC Studio, ya shigo Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a Agustan 2024. Zanensa irin na katun ɗin Japan na shekarun 1990 ne, kuma ba shi da nauyi, tsohuwar kwamfuta za ta ɗauka. Girgizar ƙasa ta lalata gari, aka ba ki gona ki taimaka a farfaɗo da shi. Abin da ya burge ni, kamar masu yin sa sun zauna sun rubuta duk abin da ke ba mutane haushi a wasannin baya suka bi suna cirewa. Shago ko mai shi ba ya nan za ki shiga ki saya. Kogi ya tare ki, ki faɗa ki yi iyo, shinge ya tare ki, ki tsallake. Akwai ɗan sihiri da za ki kira ruwan sama da shi in kin gaji da buta. Ga kasuwar Asabar, ga daren Juma'a da kowa ke taruwa a masauƙin baƙi ana hira. Hirar ce ma ta fi kama ni, mutanen garin suna magana da junansu, suna tsokanar juna, ba wai kowa ya tsaya a lungunsa yana jiran ki kawo masa kyauta ba. Ni kuma da sunana, kiwon ne ya riƙe ni, don ana haɗa dabbobi a samu launi daban-daban, na ɓata makonni ina neman saniya mai wani launi da ba shi da amfanin komai. Amma agogo yana nan fa, kada ki ce ban faɗa ba.

Coral Island na wani kamfanin Indonesiya ne, Stairway Games, sun tara sama da dala miliyan 1.6 a shafin tara gudummawa na Kickstarter a 2021, cikakken wasan ya fito Nuwamban 2023. Tsibiri ne da malalar mai ta ɓata, rabin aikin a ƙarƙashin teku yake, kina nutso kina kwashe shara murjani na farfaɗowa. Yana da wurin rage gudun lokaci a cikin saitinsa, ba sai da mod ba. Sai dai zanensa mai nauyi ne, ina shakkar kwamfutarki.

Roots of Pacha na 2023 shi ne ya fi fita daban. Zamanin dutse ne, babu kuɗi, abin da kika samu ki zuba a tukunyar dangi a rubuta miki gudummawa. Iri a daji ake tsinto shi, dabba kuma sarewa za ki yi ta busa mata har ta saba da ke ta biyo ki gida. Mai lissafin riba ba ta da abin lissafawa sosai a nan, wataƙila shi ne maganinki.

Sai gargaɗi biyu. Na farko, in kin ga Harvest Moon sabo a kasuwa, ba jikan wanda Baba ya ba da labari ba ne. Kamfanin Japan mai wasan, Marvelous, ya raba gari da Natsume mai fassara shi a Amurka wajen 2014. Natsume ya riƙe sunan yana yin nasa, asalin kuma ya koma Story of Seasons. Na baya-bayan nan a cikinsu Grand Bazaar ne, Agustan 2025, sabunta wani tsoho na Nintendo DS. A nan ke da kanki za ki kasa kaya a rumfa ranar kasuwa kina kaɗa ƙararrawa masu saye na zuwa. Yana da daɗi, amma ranar kasuwar nan hannu ba ya hutawa, ban sani ba ko irin hutun da kike nema ne.

Na biyu, da yawa cikin wasannin nan ana sayar da su tun ba su dahu ba, abin da Steam ke kira Early Access. Mistria ma haka ya shigo, lokacin ko aure ba a yi a ciki, zumunci na kai wani mataki ya tsaya. Wasu suna cika alkawari. Wani kuwa, ba zan kama suna ba, na saya da ɗoki na yi wata biyu ina gina gona, aka yi sabuntawa ɗaya wasan da na ajiye ya ƙi buɗewa, daga baya masu shi suka yi shiru kamar an shuka dusa. Yanzu dokata, in duba yaushe aka yi sabuntawa ta ƙarshe kafin in biya. Kuma Steam na mayar da kuɗi in ba ki wuce awa 2 kina wasa ba cikin kwana 14 da saye, sai dai wasan gona a awa biyu ko gaisawa da mutanen gari ba ki gama ba. Gara ki jira bikin Next Fest da Steam ke yi a Fabrairu da Yuni da Oktoba, ki ɗanɗana na gwaji kyauta.

Gaskiya Ɗaci:

Hajiya Uwar Garke, duk waɗanda kika lissafa ɗan'uwan juna ne. Gona ta lalace, baƙo ya zo, zango huɗu, rami mai hawa-hawa, a ba mutum kyauta sau biyu a mako har ya aure ka. An canza riga ne kawai. Baiwar Allah ta ce ba ta son agogo, kun ba ta agogo mai tafiya a hankali.

Malama mai tambaya, wanda ya amsa tambayarki kai tsaye shi ne Littlewood, na mutum ɗaya, Sean Young, 2020. Babu agogo ko kaɗan. Yini na tafiya ne gwargwadon aikin da kika yi. In kin sare itace rana ta ɗan matsa, in kin tsaya kina kallon ruwa awa guda tana nan inda take. Ƙarami ne, kowace kwamfuta za ta ɗauka. Aibinsa, bayan wani lokaci za ki ga babu abin da ke jan ki, a nan kam na yarda da Tsohon Hannu rabi.

Amma wanda nake so ki buga, ko da a na'urar wani ce, Wanderstop ne, Maris 2025, na Davey Wreden. Labarin wata mayaƙiya ce, Alta, da ta shekara da shekaru ba a kayar da ita ba, sai aka kayar. Ta bazama daji neman wanda zai ƙara horar da ita, jiki ya ƙi, ta faɗi, ko takobinta ta kasa ɗagawa. Wani mai shagon shayi, Boro, ya tsince ta ya ce ta zauna ta taya shi. Tun farko zai gaya miki babu wa'adi, babu adadin da ake nema. Kina shuka, kina shara, kina dafa shayi, ita kuma Alta tana ta ƙorafi tana tambaya yaushe za a gama a ba ta aiki na gaske. Abin da ya fi ci mini rai, in labari ya matsa gaba, shuke-shuken da kika jera da wahala sai a share su, a fara fili sabo. Na fusata a karon farko. A karo na biyu na gane da gangan ne, ana nuna mini hannuna ne da ke son tarawa. Mutane da yawa sun ce ya gundure su, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai na ga kaina a Alta fiye da yadda nake so, kuma mai takardar lissafi a wasan hutu za ta ga kanta.

Ta waya kuwa ki yi hattara. Stardew na Android sau ɗaya ake biya, babu talla, ba ya neman intanet, wannan lafiya lau. Amma akasarin na kyautar nan jikokin FarmVille ne, wanda ya mamaye Facebook daga 2009 har aka rufe shi ƙarshen 2020. Shi ne ya koya wa duniya shukar da ke bushewa da agogon gaske in ba ka dawo kan lokaci ba. Na taɓa saka wani irinsu, na wayi gari ina sa ƙararrawar waya ƙarfe 3 na dare don jirgin kaya kada ya tafi, ina sayen lu'ulu'u da kuɗin gaske don injin ya yi sauri. Minti 14 na Stardew aƙalla in kin rufe kwamfuta ya tsaya.

In kuma wata rana kika ji noman ne da kansa kike so, ba hira da kyauta ba, akwai Sakuna: Of Rice and Ruin na 2020. Shinkafa kaɗai ake nomawa, amma tun daga tazarar dashe, zurfin ruwa a fadama, lokacin janye shi, shanya, sussuka, har surfe, kowanne yana canza ingancinta. A Japan har shafin ma'aikatar gona 'yan wasa suka riƙa dubawa don neman dabara. Akwai faɗa sosai a ciki, ba na hutu ba ne, na faɗa ne don ki san akwai.

Mai Butar Ban-ruwa:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ban zaci zan samu wannan duka ba.

Yaya Tsohon Hannu, maganarka ta ƙarshe ta yi zafi amma ta shiga. Na gaya wa ƙanena ya yi ta dariya, ya ce shi shekara biyar ya yi a wasan bai taɓa sanin ribar komai ba, kuma gonarsa rabi ciyawa ce. Malam Gaskiya Ɗaci, na sa Littlewood a layi. Wanderstop kuwa ina jin tsoronsa, wanda ina ganin shi ne dalilin da ya sa ka ce in buga.

Abin da na yi daren jiya: ban goge tsohuwar gonar ba, na bar ta da busasshen kabejinta, na buɗe sabuwa a Meadowlands kamar yadda Hajiya ta ce. Na shuka dankali tara kacal, uku sau uku. Na shafa kaji, na buɗe musu ƙofa, na tsaya ina kallonsu suna shiga shuɗiyar ciyawar nan har ƙarfe 11 na wasan ban yi komai ba. Hannuna sai ƙaiƙayi yake. Daga nan na sauka bakin teku na sayi sandar Ɗan Fatsa, na kama kifi uku da wani tsohon tabarau da ya karye. Ƙarfe 9 na dare na kwanta da sauran ƙarfi fiye da rabi, abin da da can zan ɗauka asara ce. Takardar lissafin tana nan ban goge ba, kada in yi muku ƙarya, har na buɗe ta sau ɗaya don in duba ranar haihuwar kafinta.

Ƙaramar tambaya: ƙofar akurkin nan dole ne in rufe ta da dare? Na ji an ce wani abu na cinye kaji.

Ɗan Fatsa:

Ba dole ba ne Anti. Haɗarin ma a rufewar yake: in kika rufe alhali wata na waje, ita ce za ta iya tafiya. Da kansu suke komawa wajen ƙarfe 6 na yamma. In za ki rufe, leƙa ciki tukuna ki ƙirga, ɗaya, biyu. Wannan lissafin dai na san ba zai gagare ki ba.